Zare: Ƙara wa lagireto fiya wata ba gyara ba ne

1/ Jama'a, ga zare a kan babur mai lagireto. Ra'ayina a taƙaice: in duk sati sai ka ƙara wa mashin ɗinka ruwa, to mashin ɗin yoyo yake yi, kuma ledar fiya wata da kake ɗura masa ɗage ranar kuka kawai take yi. A nemo inda ruwan yake bi a toshe. 🧵

2/ Kafin wani ya ce "wane ruwa kuma?": yawancin baburan da muke hawa, su Boxer da Jincheng da roba-roba, iska ce take sanyaya injinsu. Shi ya sa jikin injin yake da tsaga-tsaga kamar mataji. Masu waɗannan ba ruwanku da lagireto, amma ku zauna, wata rana za ku sauya mashin.

3/ Waɗanda nake magana da su: masu Pulsar NS200, KTM Duke, Yamaha R15, Ninja, CBR, sikuta irin PCX da NMAX, da wasu masu ƙafa uku na dakon kaya. Da yawa na hannu muke saye, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka yaushe rabon a canza ruwan ba.

4/ Ni ɗalibi ne, aji uku a sashen injiniyancin kanikanci, na kuma yi SIWES a gareji. Ba oga ba ne ni. Amma abin da ake koya mana a aji da abin da idona ya gani a gareji sun haɗu a wuri ɗaya: ƙaramin yoyo da aka raina shi yake cinye babban inji.

5/ Ga yadda abin yake aiki. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaye jikin inji ya kwaso zafi, ya bi ta tiyo zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, ya dawo. Zagaye ne a rufe. Inji ba ya shan ruwan nan kamar fetur. In yana raguwa sosai, akwai ƙofar da yake fita.

6/ Murfin lagireto kuma aikinsa ya wuce rufe baki. Akwai sifirin a cikinsa da yake riƙe matsi. Duba samansa, a babura da yawa za ka ga an rubuta 1.1, wato ba 1.1. Matsin nan ne yake hana ruwan tafasa da wuri, kamar tukunyar nan mai kulle murfi ta dafa wake.

7/ Lissafin: ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In aka matse shi da ba 1.1, sai ya haura digiri 120 kafin ya tafasa. A babura da yawa kuma fanka ba ta tashi sai zafi ya kai wajen digiri 100. Ka ga matsin shi ne tazarar da take tsakaninka da tafasa.

8/ Don haka yoyo asara biyu ce. Ruwa yana tafiya, matsi ma yana tafiya. Sauran ruwan da ya rage sai ya tafasa da wuri, ya zama tururi, tururi kuwa ba ya kwasar zafi yadda ruwa yake yi. Ko ka cika shi da safe, matsin bai dawo ba tunda ramin yana nan.

9/ Kuma ka tuna babur ba mota ba ce. Ruwan ƙaramin mashin gaba ɗaya bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba, manya su kai biyu zuwa uku. Ledar fiya wata rabin lita ce. In mashin ɗinka ya shanye leda guda, wataƙila kusan rabin ruwansa ne ya ɓace.

10/ Yanzu ka haɗa wannan da watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga gosulo, ga iska ba ta bugun lagireto, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe saƙarsa. A nan ne yoyon da ka ce "ai ɗan kaɗan ne" yake nuna maka halinsa.

11/ Abin da zai biyo baya: kan inji na alminiyam ne, in ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe. Gasket ya ƙone. Ruwa ya shiga baƙin mai, man ya daina aikinsa, boris ya ci, inji ya buga. Aikin kilif ɗaya ya koma sauke inji da jiran kayan Baljiyam.

12/ Akwai wanda ya fi kuɗi. Kulan yana da santsi. In tiyo ya fashe kana gudu, iska baya za ta kora ruwan, kuma tayar baya ce a wurin. Taya biyu gare ka, malam. Shi ya sa filayen tseren babur da yawa suke hana shiga da kulan mai gilaikol.

13/ To ta ina za a fara? Dokar farko: kar ka taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Kana sassauta shi matsi zai sauka, ruwan ya tafasa nan take ya feso maka a fuska da hannu. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A nan kam rabonka ne, bari ya huce.

14/ Mataki na ɗaya: ka tabbatar yoyon ne. Da safe, inji da sanyi, ka tsayar da mashin a miƙe, ba a kan jak ɗin gefe ba. Duba robar ajiyar ruwa, akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. Ka yi alama da maka ko ka ɗauki hoto. Bayan kwana biyu ka sake dubawa, da sanyi.

15/ Ruwan robar yana hawa in inji ya yi zafi, ya sauka in ya huce. Wannan daidai ne, ruwa yana kumbura da zafi. Shi ya sa awon zafi da awon sanyi ba sa haɗuwa. In kuma an cika robar har baki, za ta amayar da rarar ta siririn tiyo, ka zaci yoyo ne.

16/ Ga tarkon da yake kama mutane: roba tana iya kasancewa cike alhali lagireto ya yi ƙasa. In murfi ya lalace ko siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage, lagireto ba zai iya zuƙo ruwa daga robar ba. Don haka da sanyi ka buɗe murfin ma ka leƙa. Ya kamata ruwan ya kai wuya.

17/ Mataki na biyu: kwali. Ka shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin mashin bayan ka dawo daga yawo, ka bar shi ya kwana. Ɗigon kulan kore ne ko shuɗi ko ja, da ɗan santsi a yatsa da wari mai zaƙi-zaƙi. Baƙin mai da fetur ba sa ɓuya, ka san su.

18/ Amma inda ruwa ya ɗiga ba lallai nan ne ramin ba. Ruwa yana gangarowa, iska kuma tana kora shi baya. Ka bi sawunsa sama da gaba har ka kai wuri mafi tsawo da yake da laima. In ya bushe yana barin farin gari ko kore kamar kanwa. Wannan tabon shi ne shaidarka.

19/ In injin ya yi dauɗa, wanke shi, ka bari ya bushe sarai. Sai ka barbaɗa hodar jarirai a mahaɗar tiyo da gefen famfo da ƙasan lagireto. Ta da inji ya yi zafi, ka haska da fitilar waya. Duk inda hoda ta jiƙe ta yi layi, ka kama ɓarawo. Ka yi nesa da fanka, tana tashi ba sallama.

20/ Wuraren da ake zargi, daga mai araha zuwa mai tsada. Na farko kilif da bakin tiyo. Roba tana tsufa ta saki, kilif ya yi sako-sako. Da sanyi ka matsa kowane tiyo da hannu. In ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi tuɓus, ko ya kumbura kusa da kilif, ya gama aiki.

21/ Na biyu murfi. Juya shi ka duba robobin ciki. In sun tsage ko sun baje, ba ya riƙe matsi, ruwa zai riƙa gudu zuwa robar ajiya ya zube a hanya, kai kuma ba za ka ga ɗigo a gida ba. Murfi yana cikin mafi arahar kayan, kuma shi aka fi mantawa.

22/ Na uku lagireton kansa. A yawancin babura yana bayan tayar gaba, duk tsakuwar da taya ta harba shi take samu. Duba saƙar da gefuna inda aka haɗa tankinsa, da inda aka ɗaure shi. In mashin ya taɓa faɗuwa ta gefe, fara da wannan gefen.

23/ Na huɗu famfon ruwa. A ƙasansa akwai wani ɗan rami da kamfani ya yi da gangan, tsakanin sil na ruwa da sil na mai. In kulan yana ɗiga ta nan, sil na ruwa ya mutu. In baƙin mai ne, sil na mai ne. Ramin ɗan aike ne, saƙo ya kawo maka.

24/ Don Allah kar ka bari a toshe wannan ramin da gam. Na ga ana yi. Ruwan da aka hana fita waje zai matsa wa ɗaya sil ɗin ya wuce cikin baƙin mai. Ka rufe bakin ɗan aike, matsalar kuma ta shige ɗaki inda ba ka gani.

25/ Na biyar ƙananan wurare: gidan tamostat da zoben robarsa, notin da ake juye ruwa da wosharsa, na'urar auna zafi, da robar ajiya ita kanta, don rana tana busar da ita ta tsage. Duk waɗannan aikin minti kaɗan ne in an gano su.

26/ Na shida shi ne wanda ba ma fata: ruwa yana raguwa amma waje a bushe. Duba baƙin mai. In ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Duba salansa: farin hayaƙi mai kauri da zaƙin wari wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi. Ɗan tururin safiyar hunturu daban ne.

27/ Alama ta uku: da sanyi ka buɗe murfi ka ta da inji. In kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko tiyo ya yi tauri daƙiƙu kaɗan bayan tayarwa, hayaƙin inji ne yake shiga ruwa, galibi gasket ɗin kan inji ne. A nan ka kashe mashin. A tura shi gareji, kar a hau.

28/ In duk ka duba ba ka gani ba, akwai famfon gwaji da ake ɗaurawa a madadin murfi. A buga iska zuwa lambar da ke kan murfin, kar a wuce, a zuba wa allura ido kamar minti goma. In tana sauka akwai rami, kuma matsin zai fito da ɗigon ana kallo, inji a kashe.

29/ Ba kowane gareji ne yake da shi ba, amma masu gyaran lagireton mota da yawa suna da hanyar gwaji. Wasu su cire shi, su toshe bakunan, su hura iska su tsoma a ruwa kamar yadda mai faci yake neman hujin tub. Dabara ɗaya ce. Tambayi a yi maka a gabanka.

30/ Gyara kuma: kilif, a ɗaure daidai ko a sa sabo. Kar a ɗaure da ƙarfin tuwo, yana yanka tiyo ko ya fasa bakin roba. Tiyo, a canza. Murfi, a sa mai lamba irin ta asali. Sil ɗin famfo, a canza, a duba sandar da yake kai ko ta ci. Wosha, sabuwa.

31/ Lagireto mai ƙaramin rami, mai waldar alminiyam zai iya. Gam mai haɗi biyu zai kai ka gida, amma ka ɗauke shi a matsayin bandeji. Gasket kuwa, in an sauke kan inji, ka nace a auna ko ya lanƙwashe. Sabon gasket a kan lanƙwasasshen kai, kuɗi ne ka zubar sau biyu.

32/ Bayan gyara akwai aikin da ake tsallakewa: fitar da iska. A zuba ruwan a hankali, a girgiza mashin hagu da dama, a mammatsa tiyo, in akwai notin fitar da iska a sassauta. A ta da inji har fanka ta tashi, a kashe, a bari ya huce, a sake cikawa. Washegari ka sake dubawa.

33/ Dalili: iskar da ta maƙale tana hana ruwa zagayawa. Kuma na'urar auna zafi ruwa take ji. In ruwa ya yi ƙasa ta zauna a iska, mita za ta iya nuna maka lafiya lau alhali inji yana dahuwa. Don haka "ai jar fitila ba ta kawo ba" ba hujja ba ce.

34/ Yanzu inda za mu yi faɗa. Ana cewa: "Kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan ruwa ya isa." Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Ruwanmu ba ya daskarewa, kuma ruwa zalla ya fi gilaikol kwasar zafi. In zancen daskarewa ne kawai, da sun ci gardamar.

35/ Sai dai kulan yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa da cin ƙarfe. Cikin injin alminiyam ne da ƙarfe da roba a jiƙe dare da rana. Ruwan rijiya da na bohol kuma suna da gishirin ƙasa. Leƙa gindin butar mai shayi ka ga farin da ya daskare. Hanyoyin lagireto sun fi bakin buta siranta nesa ba kusa ba.

36/ Wato ruwan da kake ƙarawa saboda yoyo shi yake haifar da yoyo na gaba. Kowace leda tana tsarma sauran kulan, tsatsa ta samu wuri, ɓarɓashinta ya goge sil ɗin famfo. Bayan wata shida ka ce mashin ɗin ne ba shi da kyau. Mashin bai yi komai ba.

37/ In hanya ta kama ka fa? Tsakanin Zariya da Funtuwa ba ka da zaɓi, ka bari ya huce, ka zuba ruwa mai tsabta, ka tafi a hankali kana tsayawa. Ruwa ko wane iri ya fi babu. Abin da nake ƙi shi ne dabarar kwana ɗaya ta zama tsarin shekara.

38/ Abin da ya dace: kulan da aka riga aka haɗa, ko mai kauri a raba rabi da rabi da tataccen ruwa na distil. Hattara, in ka ce "ruwan batir" wani asid zai miƙo maka, ka karanta jikin robar. Kala kuma ba ita ce iri ba, kore biyu na iya bambanta. Bi littafin mashin ɗinka.

39/ Littattafan babura da yawa suna cewa a canza ruwan duk shekara biyu, wasu uku, don sinadaran suna ƙarewa ko ba yoyo. In na hannu ka saya, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba. A juye, a ɗauraye, a zuba sabo. Littafin yana intanet, sa sunan mashin da shekararsa.

40/ Sai maganin gargajiya: ɗanyen ƙwai, garin barkono, sabulu. Eh, wani lokaci ɗigon yana tsayawa. Amma ƙwan bai san wane rami ne naka ba, duk siririyar hanya toshe ta yake yi. Har maganin toshe yoyo na kanti, a lagireton babur mai ƙanƙanta, na fitar kunya ne kawai.

41/ Haka cire tamostat. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, sannan ya buɗe. In ya maƙale a canza shi. Cire shi ba ya toshe rami ko ɗaya, sai dai inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya ƙara shan mai. Ɗaura fanka dairek ma ɓoye alama ne, batir kuma ya biya.

42/ Ba kanikawa nake zagi ba, a wajensu na koyi riƙe sifana. Sau da yawa mu ne muke zuwa da "oga, yi min dabara, ba kuɗi." Shi kuma ya yi abin da aljihunka ya ce. In ka je ka ce "oga, ga inda na ga laima, ga hoton," hirar ma daban za ta kasance, farashin ma haka.

43/ Zancen ba kuɗi na san shi, alawus ɗin ɗalibi ba ya kai ƙarshen wata. Shi ya sa ma nake wannan surutun. Kwali kyauta ne, fitilar waya kyauta ce, hoda akwai a ɗakin Umma. Mai kuɗi zai iya sayen wani injin. Ni da kai, in ya buga, sai jingine mashin har a gama digiri.

44/ Abu ɗaya da ba wasa: yawancin kulan guba ne. Sinadarin ethylene glycol yana da zaƙi, yana lalata ƙoda, kaɗan ya isa ya kashe kyanwa ko kare, ya illata yaro. Ga shi da kala kamar lemo. Kar a ajiye shi a gorar lemo, kar a juye a tsakar gida ko kwata inda awaki suke sha.

45/ In yaro ya sha, asibiti nan take, a tafi da robar. Kar a tsaya jiran alama, kar a tsaya ba shi manja ko madara, don da farko yana iya zama kamar ba komai. Kuma masu ɗanɗana ɗigo da harshe don su gane ko kulan ne, ku bari. Ido da hanci sun isa.

46/ Masu shirin tafiya gida hutu ko Sallah a kan mashin: ba a fafe gora ranar tafiya. Sati guda kafin nan ka duba roba, ka leƙa lagireto, ka matsa tiyo, ka kwana da kwali, ka wanke saƙar da ruwa marar ƙarfi. In akwai gyara, ka samu kwanakin gwada shi a cikin gari.

47/ Wanda ya ga na yi kuskure a wata lamba, musamman ogannin gareji, a gyara min a ƙasa, ina karantawa. Wanda kuma yake da abokin da kullum akwai ledar fiya wata a ƙarƙashin sit, ka tura masa wannan. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai mu gida lafiya. 🏍️